Oga ya ce a saka Airflow, ni kaɗai ne a sashen, in saka ko kuwa?

Ɗan Fagge: Slm 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema dan Allah. Inda nake aiki kamfanin rarraba kaya ne, bayanan ciniki da na sito duk suna BigQuery, rumbun bayanai na Google, wanda ya kafa komai kuma ya bar aiki tun kafin in zo. Abin da na tarar shi ne tarin kuweri, wato umarnin SQL da ake tambayar rumbun da su, masu tashi da kansu in lokacinsu ya yi, duk da hannu aka rubuta su a shafin BigQuery ɗin, wannan sunansa final, wancan final2, akwai ma final_gyara_sabo, babu wanda ya san wanne ke ciyar da wanne. Kuɗin wata sai hawa yake ga shi da dala ake biya. Jiya oga ya dawo daga wani taro ya ce a saka Airflow, manhajar jera ayyukan bayanai da tayar da su, wai shi kowa ke amfani da shi yanzu. Ni kaɗai ne a sashen. In saka ko kuwa?

Baban Khalifa: Wa alaikassalam. Kafin maganar Airflow, ka san wace kuweri ce ke cinye kuɗin?

Ɗan Fagge: Gaskiya a'a Yaya, jimilla kawai nake gani a takardar biya.

Baban Khalifa: To nan za ka fara ƙanena. BigQuery yana ajiye tarihin duk aikin da aka yi a INFORMATION_SCHEMA.JOBS, akwai shafi (column) total_bytes_billed, wato yawan abin da aka caje ka a kai, da kuma user_email, ka tara na watan jiya ka jera daga babba zuwa ƙarami. Sau da yawa za ka ga biyu ko uku ne ke ɗauke da kusan duk nauyin, sauran ba su taka kara sun karya ba. Airflow ba ya rage ko sisi daga kuɗin kuweri, shi aikinsa ya ce wannan ta tashi bayan waccan ta gama, shi ke nan. In kuwerinka tana karanta tebur gaba ɗaya yau, haka za ta ci gaba da karantawa a ƙarƙashin Airflow, sai dai ka ƙara kuɗin shi Airflow ɗin a kai.

Ɗan Barno: Baban Khalifa ka fara ke nan 😂 kullum aka ambaci Airflow sai ka taso masa

Baban Khalifa: Ba na gaba da shi wallahi, da shi nake cin abinci. Tambayar yaron nake amsawa.

Ɗan Fagge: Na duba yanzu. Innalillahi. Guda ɗaya ce, tana tashi duk awa, SELECT * a kan teburin ciniki mai kusan GB 200, a ƙarshe an sa LIMIT 1000. Ina jin wanda ya rubuta ya ɗauka LIMIT ɗin zai rage kuɗi.

'Yar Gombe: Ai wannan tarkon ya kama mutane ba adadi. LIMIT abin da za a nuna maka kawai yake ragewa, karatun an riga an yi shi an kuma caje ka. BigQuery shafi-shafi yake ajiye bayanai, ma'ana kowane shafi na tebur daban yake zaune, in ka kira shafi 3 su kaɗai za a karanta, in ka sa tauraron nan na SELECT * ka kira su duka har da wanda ba ka taɓa kallo ba.

Baban Khalifa: Mu yi lissafi tare ka kai wa oganka. Awa 24 sau kwana 30 ya ba ka tashi 720. Sau GB 200, GB 144,000 ke nan, kusan TiB 140, tunda TiB ɗaya GB dubu ne da ɗan wani abu. Farashin biya-yadda-ka-karanta a Amurka dala 6.25 ne kowane TiB tun watan Yulin 2023, da can dala 5 ne, kuma TiB 1 na farko a kowane wata kyauta ne. Ka ga kusan dala 870 a wata daga kuweri ɗaya tal. Yanzu a ce bayanan shekara 2 ne a ciki, ka raba teburin kwana-kwana, kuweri ta riƙa karanta na yau kaɗai, kowace tashi ba za ta kai rabin GB ba, a wata wajen GB 200, ko kyautar ba ka cinye ba. Ka juya dala 870 zuwa naira ka rubuta a takarda ka ajiye a gaban oga, za ka ga ya manta da sunan Airflow.

Sabon Shiga: Malam yaya ake raba tebur ɗin, akwai maɓallin da ake dannawa ne?

Baban Khalifa: Teburin da aka riga aka ƙirƙira ba a raba shi a inda yake, sabo za ka gina, CREATE TABLE da PARTITION BY DATE na shafin lokaci sannan AS SELECT daga tsohon. Karatu ɗaya za ka biya. Ka kuma kunna require_partition_filter, daga nan duk wanda ya rubuta kuweri bai faɗi kwanan da yake so ba BigQuery zai ƙi ta tun kafin ta ci kuɗi.

'Yar Gombe: Ka kula da lokaci kuma, rabon da UTC, wato agogon duniya, yake tafiya, mu kuma awa 1 muke gaba, cinikin da aka yi 12:30 na dare a Kano zai faɗa ɓangaren jiya. Masu akanta su za su fara kama ka in jimillar rana ba ta yi daidai da tasu ba.

Ɗan Barno: To duk na yarda da wannan amma kun bar asalin ciwon. Ya ce bai san wacce ke ciyar da wacce ba. Kuweri masu jadawali na BigQuery agogo kawai suka sani, ta 6:00 ta tashi ta 6:15 ta biyo baya ko ta farko ta gama ko ba ta gama ba ko ma ta faɗi, sai a wayi gari daashbod na nuna rabin lamba kuma babu wanda ya sani sai manaja ya kira yana faɗa. Wannan matsalar ce ta sa aka ƙirƙiri Airflow a Airbnb tun 2014, Maxime Beauchemin ya fara shi, daga baya aka miƙa wa Apache. Kana zana aiki a jere, in ɗaya ya faɗi na bayansa su tsaya, ya sake gwadawa da kansa, ya turo maka saƙo. Ba ado ba ne.

'Yar Gombe: Yaya Ɗan Barno ciwon gaskiya ne amma maganin ya yi masa yawa. Duk aikinsa SQL ne a cikin rumbu ɗaya, ba ya jawo komai daga wani waje. Wannan aikin dbt ne, manhajar da ke tsara kuwerin SQL a cikin rumbu. Kowace kuweri ta zama fayil guda a Git, ma'ajiyar kod mai riƙe tarihin canje-canje, inda kake rubuta sunan tebur kai tsaye sai ka sa ref(), shi dbt ɗin daga nan yake gane wace ke gaban wace ya jera su da kansa, har ya zana maka taswirar in ka so. Ga gwaje-gwaje da suka zo da shi, unique, not_null, accepted_values, relationships, layi biyu a fayil ɗin yaml ka hana lambar rasit maimaituwa. dbt Core kyauta ne. Umarni ɗaya dbt build ya gina ya gwada, in gwaji ya faɗi abin da ke ƙasa da shi ba ya tashi. To me ya rage wa Airflow a nan? Danna maɓalli sau ɗaya da asuba. Sayen tirela ne don kai buhu biyu kasuwa.

Ɗan Barno: Buhu biyu yau. Baɗi fa? Kamfani yana girma Hajiya, gobe za a ce a jawo bayanai daga manhajar direbobi, daga banki, daga wani fayil ɗin Excel da ake turowa ta imel, a nan dbt zai ɗaga hannu don shi ba ya ɗauko bayanai daga waje, abin da ke cikin rumbu kawai yake juyawa.

'Yar Gombe: In goben ta zo sai a saka, dbt build ɗin nan zai zama aiki ɗaya a cikin Airflow, babu abin da ya yi asara. Amma ya fara da Airflow yau, abin da zai yi shi ne ya kwashe shirmen nan yadda yake ya zuba a fayilolin Python, final2 ta koma task_final2, an dai canza wa ɓarna ɗaki.

Baban Khalifa: Kuma Ɗan Barno ka faɗa masa gaskiya kan kuɗi. Cloud Composer, wato Airflow ɗin da Google ke riƙe maka, a kunne yake dare da rana ko akwai aiki ko babu, kana biya. In kuma ka ce za ka ɗora da kanka a kan saba, to kai ne mai gadin scheduler da rumbun da yake ajiye tarihinsa da sabunta shi, mutum ɗaya da ke son ya je gida ya ga iyalinsa.

Ɗan Barno: Wannan kam haka ne ban musa ba. Kuma in zai shiga ya san da catchup, a Airflow 2 in ka sa ranar farawa ta shekarar bara ka manta ba ka kashe shi ba, kana kunnawa zai fara biyan bashin duk ranakun da suka wuce ɗaya bayan ɗaya, ka haɗa wannan da kuwerin GB 200 ka ga abin da zai faru. Sai a Airflow 3 da ya fito 2025 aka mayar da shi a kashe tun daga farko.

Ɗan Fagge: Kai jama'a 😭 to in ban sa Airflow ba me zai riƙa tayar da dbt ɗin?

'Yar Gombe: GitHub Actions ya ishe ka, shi ke tayar da aiki daga ma'ajiyar kod ɗinka a GitHub. Fayil ɗaya da layin cron, wato layin da ke faɗin lokacin tashi. Asusun kyauta yana ba da minti 2,000 a wata ga ma'ajiya ta sirri, aikin minti 10 kullum minti 300 ne kacal. Abu biyu ka riƙe, cron ɗin da UTC yake, in kana son 6 na safe a Najeriya ka rubuta 5, sannan ba ya cika alkawari daidai minti, in layi ya yi yawa yakan yi jinkiri musamman a kan awa cif, don haka ka sa kamar 5:17 maimakon 5:00.

Na Maraɗi: Sannunku da hira. Ni ban ga wanda ya ambaci Dataform ba kuma tunda a BigQuery yake shi ya fi kusa da shi. Irin aikin dbt yake yi, Google ta sayi kamfaninsa a ƙarshen 2020, yanzu yana nan cikin shafin BigQuery, yana haɗuwa da Git, yana da ref nasa da gwaje-gwaje, yana da jadawalin kansa, kuma ba a cajin komai a kansa sai kuɗin kuwerin da ya tayar. Mutum ɗaya, ba ya son ƙarin abin da zai riƙa gadi, ni da shi zan fara.

'Yar Gombe: Dataform yana da kyau amma BigQuery kaɗai ya sani. Ka duba tallan aiki ka ga sau nawa ake neman dbt sau nawa ake neman Dataform. Yaron nan ba zai tsufa a kamfanin rarraba kaya ba.

Na Maraɗi: Hajiya ke kina gina masa takardar neman aiki ni ina gyara masa aikin da ke gabansa 😄 wanda ya iya ɗaya sati zai ɗauka ya iya ɗayan, tunanin ɗaya ne.

Sabon Shiga: Ni duk kun rikita ni. Ina koyo ne, ba ni da katin dala, ta ina zan gwada waɗannan?

Na Maraɗi: BigQuery sandbox ba ya neman kati. GB 10 na ajiya, TB 1 na kuweri a wata, sai dai teburanka suna gogewa bayan kwana 60. Ko ka sauke DuckDB, ɗan ƙaramin rumbun bayanai, a kwamfutarka ka haɗa da dbt, ba ya buƙatar intanet bayan ka sauke, ko da wuta ta ɗauke in dai batir na nan kana aiki.

Baban Khalifa: Bari in dawo kan abin da ya fi damuna, don ko Dataform ya ɗauka ko dbt bai dame ni ba, in dai SQL ɗin ta bar burauza ta koma Git inda za a ga wa ya canza me kuma yaushe. Abin da nake so ya yi yau kafin ya tashi daga ofis shinge ne. Mutane suna sa budget a Google Cloud su kwanta da tunanin an rufe famfo, alhali imel kawai yake turowa, kuɗi na ci gaba da tafiya. Abin da ke tsayarwa da gaske shi ne quota na yawan abin da za a iya karantawa a rana, akwai na aikin gaba ɗaya akwai na kowane mutum, da kuma maximum_bytes_billed, in kuweri za ta wuce iyakar sai ta faɗi ba tare da an caje ka ba. A dbt ma ana sa shi a cikin profiles. Sannan ka saba da bq query --dry_run, yana faɗa maka nawa za a karanta kuma shi kansa kyauta ne. Ko a burauza in ka duba sama gefen dama kafin ka danna, yana rubuta adadin, mutane ne ba sa kallo.

Na Maraɗi: Mu a Snowflake, wani rumbun bayanai irin BigQuery, ciwon daban ne. Can lokacin da inji ke kunne ake biya, daƙiƙa-daƙiƙa amma mafi ƙaranci daƙiƙa 60 duk sanda ya farka, X-Small kiredit 1 a awa, kowane mataki sama ninki biyu. Sai wani ya ɗaga zuwa Large don aiki ɗaya ya kashe auto-suspend ya tafi hutun ƙarshen mako. Amma su resource monitor nasu yana iya kashe injin da kansa in an kai iyaka.

Ɗan Barno: Tunda ana maganar shinge, Terraform fa, da ake rubuta saitin Cloud a kod da shi? Dataset, izini, quota, duk su shiga kod. Ko shi ma za ku ce ya yi masa yawa.

'Yar Gombe: Izini da dataset e, na yarda ɗari bisa ɗari, don wa ke iya ganin teburin albashi bai kamata ya zama abin da aka danna wata rana aka manta ba. Amma teburan da dbt ke ginawa kar Terraform ya taɓa su, biyu suka riƙe abu ɗaya faɗa za su yi. Kuma ya karanta plan, wato jerin abin da za a canza, da idonsa kafin ya aiwatar da apply, akwai canjin da in ka yi wa tebur Terraform zai ce sai ya rushe ya sake ginawa, deletion_protection ne ke tare shi, mutane kuma sai su kashe shi don ya daina damunsu.

Baban Khalifa: In hakan ta faru akwai time travel na kwana 7, ana iya dawo da tebur yadda yake, amma kar ka mayar da shi abin dogaro. State ɗin Terraform kuma, fayil ɗin da yake tuna abin da ya gina, a bokitin Cloud Storage za ka ajiye, ba a laftof ɗinka ba, ba a Git ba.

Sabon Shiga: Na ji an ce Terraform ya daina zama kyauta?

Ɗan Barno: Lasisi HashiCorp, kamfanin da ya yi shi, suka canza a Agustan 2023 zuwa BSL, abin da ya shafa shi ne masu son gina kasuwancin da zai yi gogayya da HashiCorp, kai mai amfani da shi a aikinka ba ka biyan komai. Waɗanda abin bai yi wa daɗi ba suka cire reshe suka kira shi OpenTofu ƙarƙashin Linux Foundation. IBM ta kammala sayen HashiCorp a 2025. Ga ɗan koyo kusan abu ɗaya ne.

Admin: Ina bin ku shiru. Abu ɗaya zan ƙara don na ga ana ta cewa GitHub Actions. Dan Allah kar a sauke makullin service account ɗin nan na JSON, da manhaja ke shiga Google da shi, a jefa a ma'ajiya, ko a turo shi a guruf wai a taya ka duba, mun sha gogewa a nan. Akwai Workload Identity Federation, GitHub zai shiga Google ba tare da wani makulli na dindindin ba. Ku tuna abin da ya samu kwastomomin Snowflake a 2024, Ticketmaster da AT&T na ciki, da kalmomin sirri da aka sace aka shiga asusun da ba su kunna tabbaci na biyu ba, kamfanin tsaron intanet Mandiant ya ce kamfanoni kusan 165 abin ya iya shafa. Ga kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, teburin ciniki akwai sunaye da lambobin wayar mutane a ciki.

Ɗan Fagge: Ranka ya daɗe na duba, akwai makulli guda da aka ƙirƙira da daɗewa kuma har yanzu yana aiki, ban san a hannun wa yake ba.

Admin: Kar ka goge kai tsaye, wataƙila wani abu na rataye a kansa. Ka kashe shi na ɗan lokaci, ana iya sake kunnawa, ka ga me zai yi kuka. Ranar aiki da safe, ba Juma'a da yamma ba.

Ɗan Barno: Ni dai har yanzu ina kan bakana, wata 6 nan gaba za ka dawo nan kana tambayar yadda ake rubuta DAG, wato jerin aikin Airflow.

'Yar Gombe: Ya dawo mana, lokacin yana da abin da zai jera.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na dakatar da ta duk-awa ɗin na mayar da ita sau ɗaya da safe kafin in raba teburin, na sa quota. Yanzu ina kwafe kuwerin ɗaya-ɗaya zuwa Git. Tambaya ta ƙarshe, tsakanin final2 da final_gyara_sabo duk biyun tebur ɗaya suke rubutawa kuma lissafin ragin kuɗi ya bambanta a cikinsu, wacce zan ɗauka?

Baban Khalifa: Wannan ba mu za ka tambaya ba, ka buga su biyun a takarda ka kai wa mai akanta.

Na Maraɗi: Ka fara duba wacce ke tashi daga baya, ita ce lambar da suke gani duk tsawon lokacin nan.